Galan Ɗari Huɗu

Pictou, Nova Scotia
9 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Mista Lorne Sigurdson,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ba ka san ni ba. Sunana Verna Kilgour, malamar makaranta ce da ta ajiye aiki. Ni ƙanwar Alton Kilgour ce, mai taswira a rundunarku ta jiragen dakon kaya a Burma, wato shi ke nuna wa matuƙi hanya. Na gani a mujallar tsofaffin sojoji cewa kai aka ɗora wa rubuta tarihin rundunar, kuma za a raba littafin a taronku na cika shekara arba'in.

Tambayata guda ce. Me za ka rubuta game da ranar 14 ga Yuni, 1945?

Takardar da hukuma ta aiko mana ta ce jirginsu ya faɗa teku da mutum huɗu, ba a ga kowa ba. Iyakarta ke nan. Bayan yaƙi wani ɗan garinmu da ya yi aiki a can ya zo yi mana ta'aziyya. Yana shan shayi a ɗakin girkinmu sai ya ce wa mahaifinmu, “Ai abin tausayi, Kyaftin, da yaron bai ɓatar da su ba.” Ya ɗauka mun sani.

Mahaifinmu shekara talatin yana shigo da jiragen ruwa tashar nan cikin hazo, bai taɓa goga ko da kwale-kwale a dutse ba. Shi ya koya wa Alton karatun taswira a kan teburin cin abinci. Daga ranar nan bai sake kiran sunan ɗansa ba har ya rasu a 1961. Idan magana ta kama dole sai ya ce “ɗan'uwanki”.

Ba na neman ka yi ƙarya don ni. Amma magana a ɗakin girki daban take da magana a littafi. Ni kaɗai na rage a gidanmu, kuma ina so in san abin da za a bar wa jikokin mutane su karanta a kan yayana.

Ka huta lafiya.
Verna Kilgour


Winnipeg, Manitoba
28 ga Oktoba, 1984

Malama Kilgour,

Na sami wasiƙarki, na gode, ina kuma fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na san Alton, ko da yake ba sanin abota ba. Ni akawun ofishin shirya tashi ne, ni nake rubuta kowane jirgi a allo idan ya tashi, in goge shi idan ya sauka. Bayan yaƙi na yi shekara talatin da huɗu a aikin jarida, shi ya sa aka jibga mini wannan aiki.

An haɗa rundunarmu a Indiya a ƙarshen 1944, kusan dukanmu 'yan Kanada ne, jiragenmu kuwa Dakota ne ƙirar Amurka. Muna kiran kanmu Alfadarai, don ba mu taɓa harba ko harsashi ɗaya ba, dako kawai muke yi. Sojojin da ke cikin dajin Burma ba su da hanyar mota, duk abin da za su ci ko su harba daga sama yake zuwa. Harsasai da magani a jefa su ɗaure da lemar sauka, buhunan shinkafa kuwa a shure su ta ƙofa haka nan. Idan akwai filin sauka mu dawo da masu rauni. Mun fara daga kwarin Imphal, muka koma gaɓar Arakan kafin damina. Cikin wata tara mun rasa jirage bakwai. Biyu kaɗai abokan gaba suka harbo, sauran hadari da duwatsu ne.

Ga abin da takardu suka ce game da jirgin Alton. Ya tashi ƙarfe bakwai da minti biyar na safe da galan ɗari huɗu na mai, an sa hannu a kai. Ya sauke kayansa daidai inda ya kamata. Ƙarfe sha ɗaya da kwata suka kira ta rediyo cewa mai ya ƙare, saura mil talatin da biyar su iso gida. Kwamitin bincike ya zauna washegari, ya yanke cewa mai taswira ya kauce hanya cikin hadari, matuƙi ya ƙone mai yana neman mafita.

Ba zan ɓoye miki ba, idan ban sami wani abu da ya fi wannan ƙarfi ba, haka zan rubuta, cikin layi biyu. A aikina ba a buga abin da ake fata. Amma zan sake duba takardun.

Naki cikin girmamawa,
Lorne Sigurdson


Winnipeg
17 ga Janairu, 1985

Metro Danyluk, Baƙin-Mai,

Gaisuwa mai yawa, ka gaida mini matarka Stella, ina fatan ƙafarta ta yi sauƙi. An ce sanyin Dauphin ya daskarar da bututun rabin gari, na san dai kana can ƙarƙashin tarakta kana zagin wanda ya ƙera ta.

Makon jiya na tsallaka iyaka zuwa Grand Forks a Amurka wurin jikata. Da zan dawo na tsaya shan mai, na miƙa tsohuwar jarkar ƙarfen nan tawa mai cin galan biyar, wadda na gada daga babana. Matar da ke sayarwa ta cika, ta ce, “Galan shida, tsoho.” Na ce biyar take ci, tun kafin a haife ki. Ta ce, “To yau ta zo da yunwa. Ku 'yan arewa kullum sai mun yi wannan musun. Galan ɗinku ne ya cika girma.”

Na shiga mota na ɗauko alƙalami da rasit ɗin man.

Ka tuna jirgin da Fahey ke tuƙawa, mai harafin T, wanda Alton Kilgour ke masa taswira? Dakota da kaya tana shan galan tamanin namu a awa. Ɗari huɗu ya kamata ya kai su awa biyar. Awa huɗu da minti goma suka yi. Na lissafa a bayan rasit, man da ya ƙare a awa huɗu da minti goma galan ɗari uku da talatin da uku ne. Galan ɗari huɗu na Amurka kuwa, idan aka mai da shi namu, ɗari uku da talatin da uku ne cif.

Littafin jirage ya nuna T sabuwa ce, kwana biyu da isowarta daga Amurka. Sa hannun da ke takardar mai kuwa naka ne, ko a mafarki na san wannan D ɗin taka mai kama da ƙugiya.

Ba tuhumarka nake ba. Tambaya nake, da me ka auna tankunan a safiyar nan? Ƙanwar Alton tana raye, ta rubuto mini. Ga kwafin wasiƙarta na haɗa. Littafi zai shiga maɗaba'a ranar ɗaya ga Afrilu.

Naka,
Lorne


Dauphin
3 ga Fabrairu

Akawu,

Ina gaisuwa. Stella tana amsawa, ta ce in gaya maka idan ka zo da bazara ka zo da cikinka, don wancan karon pirohi ɗinta, ɗan curin fulawar nan mai dankali a ciki, shida kacal ka ci, har yanzu tana jin haushi.

Kai dai ba ka sauya ba. Tun muna can, mutum ya ce maka ana ruwa sai ka ce wa ya shaida. Yanzu kuma jarkar babanka ce za ta yi mini shari'a? Shekara arba'in, Lorne! Ni ko abin da na karya da shi jiya ban tuna ba.

Da me na auna? Da sanda mana, da me ake aunawa? Ka taɓa ganin makanike ya yarda da allurar awon man Dakota? Allurar da idan matuƙi ya yi atishawa sai ta motsa? Kowannenmu yana da sandarsa ta katako da ya yi wa tsage da kansa. A hau fiffike, a buɗe murfi, a tsoma, a duba inda ya jiƙe. Jirgi nawa na auna a wata tara? Kai da ke son lissafi, lissafa.

Tamanin a awa a takarda ne. Ka taɓa shiga hadarin Arakan? Ba ka taɓa ba, kana ofis kana goge allo. Jirgi ya shiga ciki sai ya sha mai kamar ɗan Ukraine a gidan biki. Ka rubuta abin da ya kamata. Rubuta ranar da muka ɗauki alfadarai na gaske guda huɗu, ɗaya ya shure ƙofa a sama, matuƙinmu Boyce ya riƙa ihu wai a harbe shi, aka rasa mai bindiga a jirgin soja guda. Wannan mutane ke son karantawa.

Wasiƙar matar ban karanta ba, tabarau na ya karye.

Ka bar matattu su huta, Akawu. Noreen matar Fahey ba ta taɓa fashin taronmu ba, kuma kullum ni take fara nema mu yi rawa. Me kake so in ce mata?

Naka har kullum,
Metro


Winnipeg
24 ga Maris, 1985

Malama Kilgour,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafarar shirun da na yi tun bayan lissafin da na aiko miki a Janairu. Na so in rubuto da labari mai daɗi, ban samu ba.

Lissafin nan na man da ya gaza har yanzu ban ga inda ya karkace ba. Amma lissafi ba shaida ba ne. Yana nuna abin da zai iya faruwa, ba abin da ya faru ba. Mutum ɗaya ne a raye da ya san gaskiya, na rubuta masa sau uku, ya amsa sau ɗaya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ba zan faɗi sunansa ba sai da izninsa.

Ranar Asabar na kai maganar gaban kwamitin littafi. Shugabanmu Hartley Boyce, tsohon matuƙi ne, ya saurare ni har ƙarshe yana juya kofinsa. Sai ya ce, “Lorne, littafin tunawa muka sa ka, ba tonon kabari ba.”

Na ce, “Ba su da kabari, Hartley.”

Ya ce, “Kada ka yi mini wayon 'yan jarida. Idan ka wanke yaron, wani za ka shafa wa. Wannan wanin yana da rai, yana da mata, zai zauna a teburinmu a watan Agusta. Kana da mutum ɗaya da zai ce na gani?”

Na ce ba ni da shi. Ya ce, “To wuce zuwa hotuna.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙa'idar da ya kama ni da ita tawa ce. Shekara talatin ina mayar wa ƙananan 'yan jarida labaransu saboda ba su da shaida. Na nemi a cire layukan biyu gaba ɗaya, suka ce duk jirage bakwai an faɗi dalilin faɗuwarsu, ba za a bar ɗaya babu ba. Abin da na iya kawai shi ne na rubuta “kwamitin bincike ya yanke”, don a san maganarsu ce ba tawa ba. Na san wannan ba zai yi miki komai ba.

Naki cikin girmamawa,
Lorne Sigurdson


Dauphin
20 ga Mayu

Lorne,

Ina gaisuwa. Na ga shafin da ka aiko, na 212, ba ka haɗo ko kalma ɗaya taka ba. Ka iya mugunta cikin ladabi. Tabarau na lafiya yake, tun Fabrairu na karanta wasiƙar matar, tana cikin akwatin sufanu.

Ɗauki alƙalaminka.

Ranar 13 ga Yuni da yamma wani maciji ya fito bayan tantinmu, abin da ke hannuna na buga masa, sandar awona ce, ta rabe biyu. Na ce gobe zan sassaƙa wata. Da asuba aka ce T ce za ta tashi. Na shiga cikinta sai ga sanda sabuwa fil maƙale a bango, daga masana'anta, an yi mata fenti da lambobi masu kyau. Har murna na yi. Na tsoma a tankuna, na haɗa, ɗari huɗu. Mai tankar mai ya ce, “Danyluk, yau ba ta sha da yawa ba.” Na ce sabuwa ce, ta zo da ragowarta. Na sa hannu.

Alton ya wuce ƙarƙashin fiffike da jakar taswirarsa. Ɗan Kyaftin muke ce masa. Ya ɗago kai ya ce, “Baƙin-Mai, ka ƙosar da amaryar?” Na ce, “Har wuya. Kai dai kada ka kai ta Tokyo.” Ya yi dariya ya ce, “Naka zubawa, nawa dawowa da ita.”

Kwamiti ya kira ni washegari. Ka auna? Na auna. Nawa? Ɗari huɗu. Rantsuwa na yi kuma ban yi ƙarya ba, a lokacin ban sani ba. Bayan kwana uku wata sabuwar ta iso da irin sandar. Na riga na sassaƙa tawa, sai na jera su a kan fiffike don in ga ko aikina ya yi kyau. Tsagen bai zo ɗaya ba. Tasu da galan ɗin Amurka take ƙirgawa.

Na je wurin sajanmu na gaya masa. Ya rufe ƙofa ya ce, “Wa ka faɗa wa?” Na ce ba kowa. Ya ce, “Matacce ba ya zuwa kotun soja, kai za ka je. Shekararka ashirin da biyu. Tattaro mini duk sandunan Amurka.” Muka ƙone su a bayan ɗakin girki. Babu jirgin da ya sake faɗuwa don mai, da wannan nake lallashin kaina. Sajan ya rasu a 1970.

Minti hamsin na mai na hana su, Lorne. Sha biyar suke nema. Yaron bai ɓata ba. Hadari ya kewaya kamar yadda kowa ke yi, kuma yana kan hanyar gida sak.

Daren jiya na gaya wa Stella. Shekara talatin da takwas da aure, ba ta sani ba. Ta tashi ta kawo mini takarda da biro ta ajiye.

Ka sa sunana cikakke, Dmytro Danyluk. Noreen kuwa ni zan rubuta mata da hannuna, kada ka riga ni.

Metro


Winnipeg
2 ga Yuni, 1985

Malama Kilgour,

Bayan gaisuwa. Ga wasiƙa na haɗo miki daga Dmytro Danyluk, makaniken da ya auna man jirgin yayanki. Ya yarda ki gani. Ki karanta ta kafin ki ci gaba da tawa.

Ta iso makare. An gama buga littafin an ɗinke tun 10 ga Mayu, kwafi ɗari shida, kuma an riga an tura tamanin zuwa ɗakunan karatu da gidajen tarihi a larduna. Na je wurin Boyce da wasiƙar. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, ya ce, “Wayyo Metro.” Sake bugu ba zai yiwu kafin Agusta ba, kuma kwamiti bai yarda a jinkirta ba. Abin da aka amince shi ne 'yar takardar gyara, girman tafin hannu, a saƙa ta cikin littafi. Ga abin da ta ce:

“Gyara ga shafi na 212. Jirgi T ya tashi da man da bai kai adadin da aka rubuta ba, saboda an auna shi da sandar galan na Amurka. Dmytro Danyluk, wanda ya auna, shi ya shaida haka da kansa. Mai taswira Alton Kilgour bai kauce hanya ba.”

Zan saƙa ta da hannuna a cikin waɗanda ke nan. Ɗakunan karatun kuma na aika musu ta gidan waya. Amma na san ƙarshen irin wannan takarda. Takan zame daga littafi a karatun farko, wani ya sa ta alamar shafi, wani ya share ta da tsintsiya. Shafin kuwa yana nan daram.

Ni na aika littafin maɗaba'a alhali lissafin yana aljihuna. Na bi ƙa'idata, ban kuma san ko na yi daidai ba.

Naki cikin girmamawa,
Lorne Sigurdson


Pictou
15 ga Yuni, 1985

Mista Sigurdson,

Ina gaisuwa. Littafin ya iso, wasiƙun biyu ma sun iso.

Da na buɗe kunshin sai takardar gyaran ta faɗo ƙasa, kamar yadda ka ce. Na ɗauke ta na liƙa da gam a kan layukan nan biyu. Ta rufe su daidai.

Game da Mista Danyluk, ban san abin da zan ce masa ba tukuna. Kada ka ce masa na yafe, kada kuma ka ce masa ban yafe ba.

Ka aiko mini da sunayen wuraren nan tamanin da adireshinsu, da kwafin takardar guda tamanin. Zan fara da na Halifax ranar Litinin, sauran zan bi su ɗaya bayan ɗaya iyakar inda bas ya kai ni. Ba na jin za su hana tsohuwar malama zama da littafi na minti biyar.

Ka huta lafiya.
Verna Kilgour